Tsakuwar Gonar Baba

Na san kun sha jin wata magana a bakin dangi, ko da yake babu wanda ya taɓa tarar gabana da ita, wai ni na kai mahaifina ƙara gaban Bature a Kankiya. Wasu ma sukan ƙara gishiri su ce a kan jaki na ɗora shi. Shekara da shekaru ina jin wannan ina yin shiru, domin mutumin da ya kamata ya ƙaryata ta ba mai yawan magana ba ne, ni kuma kunyarsa ta hana ni. Yanzu ya daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙansa, ni ma ƙafata ɗaya tana can. Gara ku ji daga bakina kafin masu gishirin su gama da ita.

A lokacin ina saurayi, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu su tafi, ina ƙaramin malamin gona a Kankiya. An ba ni keke da gajeren wando da littafin rubutu, ina jin duk ƙasar Katsina babu kamata. Gidanmu yana Kaikai, ni ne kuma ɗan fari. Ku 'yan yanzu da kuke hawa cinyar ubanninku kuna ja musu gemu ba za ku gane abin da wannan yake nufi ba. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba. In yana da magana da ni, sai ya faɗa wa wanda ke kusa, in babu kowa ya faɗa wa jakinsa, ni kuma in tsinta. Da na sami aiki sai na sami suna a bakinsa, ya koma ce mini “mai keke”. Wadda ta ɗauke ni ta riƙe ita ce mahaifiyarsa, Kaka Abu, ungozomar garin, tsohuwar da babu gidan da ba ta shiga, babu kuma rumbun da ba ta san cikinsa ba. Ita kam ba ta da kunyata ko kaɗan. Angonta take ce mini, tana kuma yi mini gorin ban taɓa saya mata zane ba.

Baturen gona na wannan lokacin mutane suna ce masa Mai Igiya, saboda ba ya taka gona sai da igiyar awo a kafaɗa. Dogo ne, mai Hausar littafi, irin wadda ake gane kowace kalma amma a yi dariya in ya juya baya. A wannan shekarar ya zo da wani sabon irin gero, ya ce yana son a gwada shi da namu na gida, zango mai dogon kai. Aka zaɓi gonaki goma sha biyu a Kaikai, har da ta Baba. Tun da bazara, kafin ruwa ya sauka, muka bi kowace gona muka raba ta biyu da igiya, muka kafa turaku. Rabi a shuka zango, rabi a shuka geron Bature. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ya maimaita shi sau uku a gaban mai gari: abin da aka yi wa wannan rabi a yi wa wancan, taki ɗaya, noma ɗaya, rana ɗaya. A gaban mutane kuma ya dafa kafaɗata ya ce in irin nan ya yi kyau, za a raba shi ko'ina daga Kankiya har Kusada, ni kuma zai tura ni Zariya in yi karatun gona mai zurfi. Baba yana tsugune can gefe yana gyaran ƙotar fartanya, ko ɗaga kai bai yi ba.

Aikina shi ne in zagaya gonakin nan kowane mako in duba ana bin sharaɗi. Na kuwa zagaya, gonaki goma sha ɗaya. Ta goma sha biyun ce ban taɓa takawa ba tun ranar da aka kafa turaku. Ku gaya mini, ta yaya zan jingine keke a bakin gonar mahaifina, in zaro littafi, in tambaye shi sau nawa ya yi noma? Gonar tana bayan wani tudu, sai in bi ta hanyar rafi in kauce mata, a littafi kuma in rubuta “lafiya lau”. Ban ɗauki wannan ƙarya ba a lokacin, ladabi na ɗauke shi.

Da kaka ta yi aka girbe, aka sussuka kowane rabi daban, na bi gida gida da sikelin ratayawa na auna. Wallahi ban ƙara ko ƙwaya ba, ban rage ba. Na kai takarda Kankiya, Mai Igiya ya yi lissafin da aka koya mana: a tara awon dukan rabin zango a raba goma sha biyu, a tara na sabon iri a raba goma sha biyu, a ga wanda ya fi. Sabon iri ya fi, da rata mai kyau. Ya yi murna har kunnuwansa suka ƙara ja. Ya ce ranar Litinin zai rubuta rahoto, in fara shirin tafiya.

Ranar Juma'a na tafi gida da labarin. Na tarar da Kaka Abu a gindin ɗorawar tsakar gida tana tsince wake. Na gaya mata angonta zai tafi Zariya, geron Bature ya kayar da zango. Ta ci gaba da tsintarta.

“A gidan wa ya kada shi?”

Na ce a lissafi, Kaka. An tara duka an raba.

“Ni ban san an tara an raba ba. Tuwon gidan Audu ba ya ƙosar da gidan Sale. Na shiga gidajen ga duka lokacin sussuka, matansu sun hwaɗa mani. Ɗauko takardar taka, angona, ka karanta mani gida gida.”

Ta jawo ƙorai biyu ta ajiye, ta tattaro tsakuwar da ta tsince daga cikin waken. Ta ce wannan ƙwarya ta zango ce, wannan ta Bature. Na fara karantawa ina dariya, don na ɗauka wasan jika da kaka ne. Gidan Audu, zango ya fi da kaɗan. Ta jefa tsakuwa. Gidan Sale, zango, da kaɗan. Ta jefa. Ba ta tambayar da nawa ya fi, in na fara faɗin fam kaza sai ta ɗaga mini hannu, wanne ya fi kawai take son ji. Kafin in kai tsakiyar takarda dariyata ta ɗauke. Da muka gama, tsakuwa goma a ƙwaryar zango, biyu a ta Bature. Ɗaya ta wata gona ce mai damshi kusa da fadama. Ɗayar ta Baba ce, inda sabon iri ya ninka zango har ya wuce. Wannan gonar ɗaya ita ta ja lissafin duka ta kai shi inda ya je. Takardar nan ni na rubuta ta da hannuna, na kwana uku da ita a aljihu, amma sai da tsohuwar da ba ta san baƙi ba ta nuna mini abin da ke ciki.

“Kaɗan ɗin ma da kake hwaɗi,” in ji ta, “ka san mi ya sa? Tumu. Duk wanda ya karyi tumu ya gasa, ta zango ya karya. Wa zai taɓa geron gwamnati? Yara sun ci, baƙi sun ci, ni kaina na ci da sauran haƙorana. An ci shi tun shina tsaye, ya kuma zo ya hi.”

Na tambaye ta to gonar Baba fa. Ta dube ni ta daɗe, irin kallon da ba na wasa ba.

“Kai da kake malamin gona, ba ka je ba?”

A nan ta ba ni labarin. Tun washegarin da Bature ya dafa kafaɗata, Baba ya je rugar wani Bafulatani abokinsa ya roƙe shi ya kwantar da shanunsa a rabin sabon iri, kusan wata guda. Takin gida kuwa, na awaki da toka da shara, wanda aka saba bazawa a gonar duka, ya kwashe shi kaf da mangala ya juye a wannan rabin. Da na gida ya ƙare ya bi maƙwabta. Jakin har ya yi miki a baya. Ya yi wa rabin noma da maimai, ya sake komawa na uku. Da gero ya fara ido shi da kansa yake korar tsuntsu, dattijo da furfurarsa. Ko ƙannena bai bari sun karyi kai ɗaya ba. Kaka ta ce ta taɓa tambayarsa wahalar mece ce wannan, ya ce mata ƙasar wajen ce ta gaji. Ita ta haife shi, ba ta ƙara tambaya ba.

Na tashi na shiga ɗakinta na zauna a bakin gado na yi kuka, ni da gajeren wandona da agogona. Shekara ashirin da wani abu ina zaton mutumin nan bai san ina duniya ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar Asabar na yanke shawarar yin shiru. Awona gaskiya ne, lissafin Bature daidai ne, babu wanda zai kama ni da komai. In na yi magana, Zariya ta tafi, sannan in tona wa mahaifina asiri a kan abin da ya yi domina. Amma duk inda na juya sai in ga ƙoran nan biyu. Na san yadda abin gwamnati yake: in aka ce iri ya yi kyau, mai gari zai sa a shuka, talaka ba ya musu, cikin shekara biyu uku wasu gidaje su cinye irin zangonsu su zauna da wanda bai kai shi ba. Mutanen da ba su da shanun aboki, ba su kuma da ɗa mai zuwa Zariya, su za su kwana da wannan.

Ranar Lahadi da hantsi na sami Baba yana yaɓen rumbu. Na tsuguna nesa kaɗan na gaishe shi, ya amsa wa rumbun. Kaka ta biyo ni da ƙoranta ta zauna tsakaninmu, don ta san ba za mu iya mu biyu ba. Ita ta yi bayanin, ta sake jefa tsakuwar a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya da laka a hannu yana kallo.

“Inna, tambayi mai keke, tawa wace ce a ciki?”

Na nuna ta da yatsa.

“Ɗaya?”

Na ce ɗaya, Baba. A wannan lissafin kowace gona tsakuwa ɗaya ce, ko ta fi da mudu ko ta fi da buhu goma.

“Wata guda na shanu. Mangala ba iyaka. Jaki da miki. Tsakuwa ɗaya.” Ya girgiza kai, sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Kaka ta fashe da dariya har tana tari. Daga nan ya shafa lakar a jikin rumbu, ya ce, “In aka raba irin ga, wa zai kai wa Sale taki?”

Na ce gobe zan nuna wa Bature ƙoran, amma ba zan faɗi abin da ya faru a gonarmu ba, zan ce ban sani ba. Ya ci gaba da yaɓensa. Na hau keke na koma Kankiya a kan haka.

Litinin da safe na shiga ofis da ƙorai biyu a hammata, masinja yana kallona kamar na zare. Na roƙi Mai Igiya ya dakata da rahoto. Na karanta gida gida ina jefa tsakuwa kamar yadda Kaka ta yi, na kuma gaya masa zancen tumu. Na yi zaton zai kore ni. Sai ya cire tabarau ya goge, ya jawo wani littafi mai jan bango daga kanta ya buɗe.

“Malam Haruna, wa ya koya maka wannan?”

Na ce kakata.

“Kakarka ta yi karatu a ina?”

Na ce a gindin ɗorawa. Bai yi dariya ba. Ya ce a ƙasarsu ma masana suna yin haka. In awo ba abin dogara ba ne, ko in lamba ɗaya ta yi girman da za ta rinjayi sauran, sai a bar tarawa da rabawa, a ƙirga sau nawa wannan ya fi wancan. Wani lokaci kuma a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba a yi aiki da matsayin kowanne, yadda ƙato komai ƙatancinsa na ɗaya ne kawai, ba zai cinye gurbin mutum biyar ba. Ya zaro sule daga aljihu ya ce in da irin biyu ɗaya suke, kowace gona kamar a jefa sulen nan ne, ko kan sarki ko bayansa. A jefa sau goma sha biyu ya faɗi fuska ɗaya sau goma, yana iya faruwa, amma da wuya ƙwarai, mai hankali ba zai ce sa'a ce ba. Ya ce laifinsa ne da bai duba haka ba tun farko, murna ta rufe masa ido. Sannan ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe.

“Wannan gona fa? Me ya faru a nan?”

Ina buɗe baki zan ce ban sani ba, masinja ya leƙo ya ce wani dattijo daga Kaikai yana sallama. Baba ne, da rigarsa ta Juma'a, ƙafafunsa furu-furu da ƙura. Tun bayan sallar asuba ya kamo hanya a ƙasa, jakin bai warke ba balle ya hau. Ya cire takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa, bai dubi inda nake ba.

“Ranka ya daɗe, gonar ƙarshen ga tawa ce. Ni na sa shanu, ni na kai taki, ni na karya sharaɗi. Malamin gona bai sani ba, don bai taɓa zuwa ba.”

Da ya tsaya a “bai sani ba” da ya fi mini. Amma Baba bai iya rabin gaskiya ba, kuma a zatonsa wanke ni yake yi. Mai Igiya ya juya littafina ya ga “lafiya lau” mako bayan mako. Ya tambaye ni dalili. Na ce mahaifina ne. Ya ce to sai me? Ta yaya za ka bayyana wa Bature kunyar ɗan fari a tsaye a ofis? Ya tambayi Baba me ya sa ya yi haka. Baba ya dubi ƙasa ya ce ƙasar wajen ce ta gaji. Bature ya dube shi, ya dube ni, ina jin ya gane wani abu, don bai sake tambaya ba. Baba ya hango sulen a kan tebur ya ce da masinja a hankali, ashe da caca ake aikin gona a nan. Masinja ya toshe baki ya fita.

Ba a raba irin ba. An ce a sake gwaji wata shekara, a sa ido a kan tumu. Zariya kuwa wani aka tura daga wata gunduma. Mai Igiya ya gaya mini baki da baki cewa ya ga gaskiyata, amma ba zai iya sa hannu a tura mutumin da ya rubuta ya duba abin da bai duba ba. Na ji haushinsa shekara biyu, daga baya na yarda da shi. Kada ku zaci zan ce muku an yi fari a shekara mai zuwa zango ya ceci gari. Damina ta yi kyau lau, kowa ya ci. Wanda ya tafi a madadina ya zama babban mutum da mota, ni na yi ritaya a inda kuka san ni, da keke na uku. Da na tafi, wataƙila da a birni aka haife ku. Na sha tunanin haka, musamman lokacin da ɗayanku ya kwanta ciwo babu asibiti kusa, kuma ba zan ce bai yi mini zafi ba.

A ranar Litinin ɗin nan, da muka fito daga ofis, na ce da iska, don ba zan iya ce wa Baba ba, ga keke in za a hau a huta da ƙafa. Ya ce da masinja ya gaya wa mai keke shi bai saba ba. Mutanen kasuwa suka ga uba a gaba a ƙasa, ɗa a baya yana tura keke da ƙorai, daga ofishin Bature. Daga nan zancen ƙara ya samo asali. A bakin gari ya tsaya, ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba.

“A ba ni tawa.”

Na ɗauko tsakuwa ɗaya daga ƙwaryar Bature na sa masa a tafin hannu. Ban ma tabbata ko ita ce tasa ko ta gonar fadama ba. Ya jefa ta aljihu muka ci gaba da tafiya har Kaikai. Kaka ta tare mu da cewa tunda ango ya fasa tafiya, sai ya zo ya saya mata zanen nan.

Baba ya ƙara shekara goma sha tara a duniya, bai kira sunana ko sau ɗaya ba, ban kuma sake jin zancen tsakuwa ba. Bayan rasuwarsa aka buɗe 'yar jakar fatar da yake ajiye carbi da takardun addu'a, ana rabon kayansa. A ƙasanta akwai ƙullin tsumma. Ƙanena ya kwance, ya ga tsakuwa, ya ɗaga hannu zai jefar, na riƙe shi. A jikin tsumman akwai rubutun ajami da tawadar allo, da hannun Baba wanda bai iya rubutu sosai ba, kalma ɗaya: Haruna.

Tana cikin gwangwanin da ke kan taga a ɗakina, in kun zo rabon nawa kayan kada wani ya jefar.